Idan Uba Ya Kai Shekara 120, Yaushe Ɗa Zai Mallaki Gona?

Masu kuɗin duniya sun samu sabon wurin zuba dukiya, wato neman maganin tsufa. A 2013 kamfanin Google ya kafa Calico don binciken abin da ke sa jikin ɗan Adam ya tsufa. A 2022 aka ƙaddamar da Altos Labs a Amurka da jarin dala biliyan 3, aikinsu kuwa ya ginu ne a kan binciken Shinya Yamanaka, Bajapanen da ya samu kyautar Nobel a 2012 saboda gano yadda za a mayar da ƙwayar halittar da ta manyanta ta koma ɗanya. Saudiyya ma ba a bar ta a baya ba, ta kafa gidauniyar Hevolution da aka ware wa har dala biliyan 1 a shekara. Kawo yanzu dai babu ƙwaya ko allurar da aka tabbatar tana ƙara wa mutum shekaru masu yawa, kuma wadda ta fi kowa daɗewa a cikin waɗanda aka tabbatar da shekarunsu a rubuce ita ce Bafaranshiya Jeanne Calment, da ta rasu a 1997 tana da shekara 122.

A wurinmu Musulmi ajali yana hannun Allah, neman magani kuma halal ne. Ubangijin da ya zaunar da Annabi Nuhu (AS) shekara 950 a cikin mutanensa ba abin da zai gagare shi. Don haka ba zan tsaya jayayya a kan ko abin zai yiwu ba. Abin da ya fi damuna a matsayina na ɗan Unguwar Tudu a Ƙaramar Hukumar Gwarzo shi ne tsarin zamanmu, domin kusan komai a wurinmu sai ranar jana'iza yake sauya hannu. Gona, gida, shago, rawani, kai har makullin rumbu, duk jiran mutuwar mai su ake yi. Al'ummar da ta ɗaure miƙa ragama da mutuwa kuwa, in mutuwa ta yi nisa, komai nata tsayawa zai yi.

Mu fara da gona, tunda ita ce jarinmu daga nan har Getso, Lakwaya, Kutama, zuwa Garo da Godiya a ƙasar Kabo. A tsarin gandu da muka tarar, 'ya'ya maza, ko da sun yi aure, suna noma gonar mahaifinsu tun safe har azahar, da yamma kowa ya nufi gayaunarsa. Uba shi ke ciyarwa, shi ke yi wa ɗa auren fari, shi ke biyan haraji kafin Gwamna Abubakar Rimi ya soke shi a 1979. Yarjejeniya ce da ba a rubuta ba amma kowa ya san ta: ka ba mahaifinka ƙarfinka yau, gobe gonar taka ce. Abin da ya sa ta yi aiki shi ne goben ba ta da nisa. A 1960 matsakaicin tsawon rai a Najeriya bai kai shekara 40 ba, kuma ko waɗanda suka tsallake ƙuruciya ba kasafai suke wuce saba'in ba. Mutum yakan gaji gona yana da sauran ƙarfin riƙe garma.

Yanzu ma, ba tare da wani maganin Amurka ba, lissafin ya fara canjawa. Akwai wani dattijo a unguwarmu da ba ya ƙirga shekarunsa da lamba, cewa yake yi yana saurayi Sarki Abdullahi Bayero ya rasu, wato 1953 ke nan. Hankalinsa garau, ya san iyakar kowace gona da bishiyar da aka yi shaida da ita. Babban ɗansa ya haura sittin, gemu ya yi fari, yana da jikoki. Wata rana ina zaune a ƙofar gidan, sai ɗan ya durƙusa ya ce, "Baba, da kun yarda bana a gwada waken suya a gonar arewa, dawar nan ba ta biyan kuɗin taki." Tsohon bai ko ɗago kai daga carbinsa ba ya ce, "Kai yaro, ka bari sai ƙasa ta rufe idona, sannan ka shuka abin da ka ga dama." Ɗan ya ce, "Allah ya huci zuciyarku, Baba," ya tashi. Babu wanda ya yi laifi a cikinsu, uba yana kare abin da ya sani, ɗa yana biyayya. Amma jikokin gidan uku suna Abuja suna gadi da tura baro, domin sun duba layin da ke gabansu sun ga ba ranar da zai zo kansu.

To, a ƙara wa wannan dattijo shekara talatin. Ɗansa zai kai casa'in bai taɓa yanke shawarar abin da za a shuka ba. Jika zai tsufa a ci-rani. Zuriya huɗu ko biyar za su dogara da fili ɗaya, a jihar da tun ƙidayar 2006 mutanenta sun kai miliyan 9.4, gonaki kuma kullum ƙara tsukewa suke yi.

Akwai kuma wata matsala ta gado da ba a cika tattaunawa ba. A shari'a, idan ɗa ya riga mahaifinsa rasuwa, 'ya'yansa ba sa gadon kakansu muddin akwai baffansu a raye. Duk yadda uba ya ƙara daɗewa, haka yawan 'ya'yan da za su riga shi tafiya yake ƙaruwa. Mutum ya shekara arba'in yana zuba gumi a gandu, ya rasu, bayan shekara biyu tsoho ya bi shi, a zo rabo marayunsa su tashi da hannu biyu. Wanda ya taɓa zama a zauren dagaci ko a kotun shari'a ya san irin gabar da wannan ke haifarwa tsakanin 'yan uwan jini. Masar ta ga wannan tun 1946, ta yi dokar da ta wajabta wasiyya ga irin waɗannan jikoki. Mu ba sai mun jira doka ba, domin addini ya riga ya buɗe ƙofa biyu. Ta farko wasiyya, wadda mutum zai iya yi da abin da bai wuce kashi ɗaya cikin uku na dukiyarsa ba ga wanda ba magaji ba. Ta biyu kyauta, wadda uba zai yi yana da rai da lafiya, ya damƙa abin a hannun wanda ya ba, tare da yin adalci tsakanin 'ya'ya kamar yadda Manzon Allah (SAW) ya umarci mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir. Ƙofofin nan a buɗe suke, mu ne ba ma shiga, saboda a ganinmu wanda ya raba dukiya da ransa kamar ya kira wa kansa mutuwa ne.

Abin da ke faruwa a gona shi ke faruwa a kan karaga da kujera. Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya yi shekara 50 a sarauta, daga 1938 zuwa 1988. Sarkin Kano Ado Bayero ya yi 51, daga 1963 zuwa 2014, kuma jama'a sun ga albarkar daɗewarsu. Sai dai ita sarauta an gina ta a kan uba ne mai sasanta jama'a. Kujerar siyasa kuwa ta mai riƙe da baitulmali ce da jami'an tsaro. A maƙwabciyarmu Kamaru, Paul Biya, wanda aka haifa a 1933, yana mulki tun 1982. Mafi yawan mutanen ƙasar ba su taɓa sanin wani shugaba ba. A Najeriya, inda kusan rabin jama'a ba su wuce shekara 18 ba, sai a 2018 aka rage shekarun takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, na majalisar wakilai da na jiha daga 30 zuwa 25. Duk da haka wanda ya san yadda ake fitar da ɗan takarar kansila a mazaɓa ya san iyayen gida ne ke nunawa. Idan iyayen gidan nan suka samu ƙarin shekara arba'in da lafiyarsu, dokar 2018 takarda ce kawai.

Sai batun fansho. Ma'aikacin gwamnati yana ajiye aiki in ya cika shekara 60 ko ya shekara 35 yana aiki. Dokar fansho ta 2014 ta ce a riƙa tara kashi 18 cikin ɗari na albashi, 8 daga ma'aikaci, 10 daga wanda ya ɗauke shi. Wane lissafi ne zai sa abin da aka tara a shekara 35 ya ciyar da mutum shekara 60? Dole a ɗaga shekarun ritaya, kuma an riga an fara, domin dokar 2022 ta kai na malaman makaranta 65. Faransa ta ɗaga nata daga 62 zuwa 64 a 2023, aka yi watanni ana zanga-zanga. Kowace shekara da aka ƙara wa na ciki kuwa, an ƙara ta ne ga jiran matashin da ya gama NCE yana sayar da katin waya a tashar Gwarzo. Wannan ma maganar ma'aikata ce. Manomi, maƙeri, mahauci da mai ƙosai ba su da wani asusu, 'ya'yansu ne fanshonsu.

In an ce 'ya'ya, gaskiyar magana mata ake nufi. Na ga yadda wata matar ɗa a danginmu ta yi jinyar surukarta da ɓarin jikinta ya shanye. Da asuba ta ɗora ruwan zafi, ta jingina tsohuwar da ƙirjinta ta goge mata jiki, ta fitar da tabarma da zannuwan da suka jiƙe ta wanke, ta dama kunu ta riƙa ba ta da ludayi tana cewa, "Inna, ƙara ko kaɗan ne." Cikin dare sau biyu take tashi ta juya ta don kada bayanta ya yi gyambo. Ita kanta mai jinyar ta haura hamsin, gwiwa na damunta, sana'ar ƙuli-ƙulin da take yi ta mutu. Ba ta taɓa ƙorafi ba, lada take nema, Allah ya ba ta. Amma alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a matsakaici mutum yana yin kusan shekara goma na rayuwarsa cikin rashin lafiya. Japan, inda waɗanda suka haura shekara 100 sun wuce 90,000, tana da inshorar kula da tsofaffi tun shekarar 2000, kuma duk da arzikinta masu jinya sun yi mata kaɗan. Mu abin da muke da shi a Kano shi ne irin gidan gajiyayyu na Shahuci, wanda kai iyaye can abin kunya ne a wurin kowane Bahaushe. An kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa bisa dokar 2017, amma tsohuwar da ke kwance a ɗakin ƙasa a Unguwar Tudu ba ta san da ita ba.

Wani zai ce ai duk wannan mafarki ne a ƙasar da matsakaicin tsawon rai yake wajen shekara 54, alhali na duniya ya kai 73. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Abin da ke jawo namu ƙasa shi ne mutuwar yara, domin binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna yara 132 cikin kowane 1,000 ba sa kaiwa shekara biyar. Gidan sauro, rigakafi, ruwa mai tsafta da ungozoma ƙwararriya za su ƙara mana shekarun da babu wani kamfanin Amurka da zai ba mu. Kuma in maganin tsufan ya fito, mun san waɗanda za su fara saya: masu zuwa Landan da Dubai duba lafiya. Wato talaka zai ci gaba da mutuwa da wuri, masu riƙe da dukiya da mulki su ƙara daɗewa a kai. Wannan ma dalili ne na a fara gyara tun yanzu.

Ba ina ƙyashin tsawon ran dattawa ba ne, ni ma hanyar nake bi. Gari ba ya zama lafiya in babu waɗanda suka ga farin 1973, suka san yadda aka tsira, waɗanda in sun ce a bari ake bari. Abin da nake kira gare shi shi ne a raba girma da riƙe makulli. Limamanmu su ɗauki bayanin kyauta da wasiyya a huɗubar Juma'a kamar yadda suke yi wa zakka. Uban da ya kai saba'in ya tara 'ya'yansa gaban liman da mai unguwa, ya yanka wa kowa abin da zai noma, ya ware wa kansa abin da zai ci har ƙarshen rayuwarsa, ya tuna da marayun ɗansa, a rubuta, kowa ya sa hannu. 'Ya'ya maza su san jinyar iyaye wajibinsu ce kafin ta zama ta matansu. Ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo su horar da ma'aikatan lafiya masu bi gida-gida su duba hawan jini da ciwon suga, su koya wa masu jinya yadda ake kula da wanda ke kwance. Jam'iyyu kuma su sa wa muƙamansu wa'adi na gaskiya.

Duk waɗannan ba sa buƙatar dala biliyan 3, kuma za su amfane mu ko maganin tsufa ya fito ko bai fito ba. Allah ya ba iyayenmu tsawon rai mai albarka, ya ba su zuciyar miƙa ragama suna gani, mu kuma ya ba mu ikon riƙe su da mutunci.