Asabar ɗin ƙarshen wata a Kano: shara ake yi ko tatsa?

Wani ɗan kasuwa na Iferwan, wanda ya shekara fiye da ashirin yana sauka Kano sayen turkuɗi, shi ya ba ni labarin da ya sa na ɗauki alƙalami yau. Duk wanda ya san Abzin ya san darajar wannan baƙin rawani mai walƙiya da ake rinawa a bugawa a garin Kura, kudu da birnin Kano. Mutumin ya ci tafiyar kusan kilomita 1000, ta Agadas da Damagaram da Daura, ya iso bakin birni da hantsi, sai ya tarar an gitta katako a hanya. Ashe Asabar ce ta ƙarshen wata, ranar tsabtace muhalli, ba shiga ba fita daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe. Ya yi shiru ya tsaya, tunda baƙo ba ya musu da dokar gari. Yana tsaye baƙaƙen motoci masu duhun gilashi suka wuce, masu kaki suna sara musu. Wani direba ya miƙa hannu a dunƙule, aka janye katako. Shi da ya ƙi dunƙule nasa, aka ce zai gurfana gaban kotun tafi-da-gidanka.

Ya ku masu karatu, kada wani ya ce ina faɗa da tsabta. Wanda ya taɓa ratsa Kantin Kwari da damina, ya ga yadda leda ke toshe magudanar ruwa, ba zai ƙi a yi shara ba. Abin da nake tuhuma shi ne hana mutane motsi, da kuma yadda ake zaɓen wanda za a hana.

Wannan al'ada gadon mulkin soja ce. Gwamnatin Janar Buhari da Janar Idiagbon ta ƙaddamar da Yaƙi da Rashin Ɗa'a a watan Maris na 1984, kuma a Kano ɗin nan aka buɗe babinsa na tsabtace muhalli a watan Yuli na 1985. Wata ɗaya bayan haka, ranar 27 ga Agusta, aka tuntsurar da gwamnatin. Masu bulala sun tafi, katakonsu ya zauna. An yi shi ne lokacin da soja ke sa babban mutum tsallen kwaɗo a bainar jama'a, ba mai cewa uffan. Me yake yi a zamanin da ake da majalisa da kundin tsarin mulki?

An riga an kai wannan tambaya gaban alƙali. A watan Maris na 2015 babbar kotun tarayya da ke Legas, a ƙarar da lauya Ebun-Olu Adegboruwa ya shigar, ta yanke cewa tsare mutane a gida ranar shara ya saɓa wa ƴancin zirga-zirga da kundin tsarin mulkin Najeriya ya ba kowa. A watan Nuwamba na 2016 gwamnatin jihar ta soke hanin. Kundin nan guda ne daga Legas har Kano, sashe na 41 bai canza lafazi ba don ya ƙetare Kwara.

To, a ƙaddara ma hanin yana bisa ƙa'ida. Doka idan doka ce, kan kowa take hawa. Amma wa ake kamawa da safiyar nan? Mai a-daidaita-sahu, mai baro, mai tura ruwa, macen da ta fito da ƙosai, direban da ya kwana bisa hanya da tumatir yana ruɓewa a bayansa. Waɗannan su ne mutanen da awa uku ke nufin abincin rana a gare su. Babban ma'aikaci yana da takardar aiki na musamman, attajiri yana da lambar wayar da zai kira. Kuma ku lura da wani abu: tsaida mota bai taɓa kwashe bola ba. Mutum na iya kwanciya cikin ɗakinsa har ƙarfe 10 bai taɓa tsintsiya ba, ya cika doka sarai. Wanda ya share ƙofar gidansa tun asuba ya fita neman halaliyarsa, shi ne mai laifi. Idan har tsabta ake nufi, ma'aunin ya karkace. Idan kuwa abin da ake nufi shi ne a samu ranar da kowane matafiyi ya zama mai laifi har sai ya fanshi kansa, to ma'aunin daidai yake.

Ba Kano ta fara wannan rawa ba. Ingila ta daɗe da dokar kantuna ta 1950 wadda ta hana yawancin ciniki ranar Lahadi, da jerin togaciya mai ban dariya: an yarda ka sayar da mujalla, ba a yarda ka sayar da Littafi Mai Tsarki ba. Wata ƙaramar hukuma ta kai mutum kotu, maƙwabciyarta ta kau da kai. A ƙarshen 1991 manyan kantuna suka buɗe ƙofofinsu ranar Lahadi ƙiri-ƙiri, domin tarar ba ta kai ƙurar ribarsu ba. Majalisa ta ga ana wasa da hankalinta, ta sake dokar a 1994, ta ba manyan kantuna awa 6.

Mu ma a Nijar kada mu yi dariya da yawa. Hutun Lahadi da ofisoshinmu ke bi ya fito ne daga dokar Faransa ta 1906, ya iso mana ta kundin ƙwadago na ƙasashen mallaka na 1952. Mai lambu a Iferwan yana ban ruwa ranar Lahadi kamar kowace rana, ba wanda ya tambaye shi. Amma kowane ɗan kasuwa da ke bin hanyar Arlit zuwa Agadas ya san yadda tsohuwar takarda da aka manta da ita ke farkawa a shingen bincike, daidai lokacin da aljihun wani ya bushe. Ma'aikatan da ke karanta mu sun fi ni sanin ƙudurori nawa ne ke barci cikin durowa tun zamanin kwamanda, ba a soke su ba, ba a kuma aiki da su sai a kan wanda ba ya da kowa.

Abin da ya kamaci majalisar jihar Kano a fili yake. Ta cire hanin zirga-zirga daga ranar shara, ta sa tara a kan wanda ya zuba datti a magudana ko wace rana ce, ko wane ne shi, ta kuma wallafa abin da kotunan tafi-da-gidanka ke tarawa kowane wata da inda kuɗin ke shiga. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa na Kwari da Singa da Dawanau suna da bakin da za su nemi haka, su da abokan cinikinsu na Maraɗi da Damagaram da Agadas.

Shi kuwa mutumin Iferwan, ya ce yanzu kafin ya ɗaura kaya sai ya duba kalanda. In tafiya ta faɗo ƙarshen wata, a Daura yake kwana ranar Juma'a, ya biya masauki da abincin direba, ya ƙara kuɗin a kan kowane turkuɗi da zai sayar a Abzin.