Akwatin Tishu Mai Sauya Kansa da Butar da Babu Ruwa



Maganar bayan gida ba ta da daɗin yi a zaure, amma duk wanda ya zauna gaban malami ya san babin tsarki ne ake fara buɗewa kafin a kai ga salla. Saboda haka a yi mini uzuri. A 'yan shekarun nan wani akwati ya yawaita a makewayin manyan otal-otal da kantunan zamani na Kumasi da na Ankara, babban birninmu na Gana. Akwatin tishu ne, takardar nan da 'yan kasuwa ke kira tirol, yana ɗaukar naɗi biyu ko fiye, kuma idan ɗaya ya ƙare na biyu yana sauko wa mutum da kansa ba tare da an kira kowa ba. Na ji mutanenmu, har da wasu masu rawani, sun mai da shi abin ba'a. Wai Nasara sun rasa abin yi da iliminsu sai ƙera wa takardar share najasa inji, alhali mu buta ɗaya ta ishe mu. Ina ganin wannan dariya ba ta dace da mu ba, kuma zan faɗi dalili.

Mu fara da sanin abin da ake yi wa dariyar, domin yawancin masu yin ta ba su taɓa leƙa cikinsa ba. Wanda ya fi yawa shi ne mai hawa biyu. Naɗi ɗaya yana ƙasa inda hannu ke kaiwa, ɗaya yana sama a ɓoye cikin ƙarfe ko roba, wata 'yar sakata ta tare shi. Muddin na ƙasa yana da kauri, sakatar ba ta sakin na sama. Yayin da aka ja takardar har ta ƙare, sai abin da ke tokare da sakatar ya rasa madogara, ta saki, na sama ya faɗo mazaunin na ƙasa da nauyin kansa. Babu lantarki, babu batir. Kamfanin Bobrick na Amurka yana daga cikin masu ƙera irin wannan. Akwai kuma wanda ake jera naɗin biyu gefe da gefe, da 'yar ƙofa mai zamewa a ƙasa. Ƙofar ba ta motsawa zuwa ɗaya gefen sai naɗin farko ya ƙare, domin kaurinsa ne ke tare mata hanya. Akwai mai ɗaukar huɗu a kan faifai mai juyawa. Siffa ta bambanta, amma hukuncin da ke cikinsu ɗaya ne: ba a taɓa ajiya sai abin hannu ya ƙare ƙarƙaf.

Mai gaggawa zai ce, to me ya hana a rataye naɗi biyu a fili kowa ya ja wanda ya ga dama? An gwada, kuma a nan ne labarin ya yi daɗi. A shekarar 1984 Donald Knuth, babban malamin ilimin kwamfuta a Jami'ar Stanford, ya buga maƙala sukutum a mujallar lissafi ta American Mathematical Monthly a kan wannan mas'ala. Ya raba masu shiga makewayi gida biyu: masu miƙa hannu ga naɗin da ya fi girma, da masu miƙa hannu ga wanda ya fi ƙanƙanta. Lissafinsa ya nuna cewa idan masu son babba suka rinjaya, naɗin biyu za su riƙa ramewa tare, domin da zarar ɗaya ya ɗan fi ɗaya sai a koma kansa. Ranar da na farko ya ƙare, abin da ya saura a na biyu bai taka kara ya karya ba. Ka ga an sa biyu don ɗaya ya zama ajiya, amma halin ɗan Adam na son wanda ya fi cika ya cinye ajiyar. Sakatar nan da ake yi wa dariya an sa ta ne don ta hana wannan hali yin ɓarna.

Akwai kuma wata ɓarnar da take tarewa. Mai kula da makewayi yana zagayawa ne lokaci lokaci. Idan naɗi ɗaya ne a bango ya tarar saura kaɗan, ɗayan biyu ne: ko ya cire ya jefar da ragowar, wannan almubazzaranci ne, ko ya bar shi ya ƙare a hannun wani bawan Allah da ke tsugune ba shi da mai miƙo masa. Da akwatin mai ajiya, ba ya jefar da komai. Yana leƙawa ta 'yar tagar da aka yi a jiki, in ya ga na sama ya sauko, ya san lokacin ƙari ya yi, kuma yana da sauran sa'o'i kafin na ƙasan ya ƙare. Wato mutanen da suka ƙera wannan abu sun zauna sun yi tunanin wanda zai shigo bayansu, mutumin da ba su sani ba, a halin da ya fi kowane hali rauni da kunya. Ina ba'a a cikin wannan?

Masu dariyar suna fakewa da addini, don haka bari mu je can. Ruwa ya fi, babu mai jayayya. Risala ta Ibn Abi Zaid ta bayyana cewa ruwa ya fi tsarkakewa kuma malamai sun fi son sa, amma a wuri guda ta tabbatar da cewa goge wurin da duwatsu har ya tsarkaka yana isarwa. Mukhtasar na Shaihu Khalil ya faɗaɗa: duk abin da yake busasshe, mai tsarki, mai gogewa, wanda ba ya cutarwa kuma ba shi da alfarma, ana iya istijmari da shi, kuma haɗa shi da ruwa ne mafi falala, a fara da busasshen a bi da ruwa. Farar takarda da ba a yi rubutu a kanta ba ta shiga wannan sharaɗi. Abin da bai shiga ba shi ne takarda mai rubutu, saboda alfarmar haruffa. To, ku gaya mini, me ake miƙa wa mutum a ƙofar yawancin bayin haya na unguwanninmu idan ya biya kuɗinsa? Yankakkiyar tsohuwar jarida. Wa ya karanta ta kafin a yanka? Wa ya tabbata babu sunan Allah ko na Manzonsa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a cikin labarin Hajji ko sanarwar rasuwa da ke jikinta? Shekara da shekaru muna wuce wannan ba mu ce uffan ba, sai ga farar takarda a akwati mai tsafta ta zama abin wa'azi. Laifi tudu ne.

Bambancin mai ruwa da mai takarda tsoho ne. Tun shekarar 851 marubucin Akhbar al-Sin wal-Hind ya ba da labarin cewa mutanen Sin da takarda suke gogewa, ba sa wankewa da ruwa, kuma bai faɗe shi da yabo ba. Amma wancan matafiyi ya fito ne daga biranen da masallatansu ke da kwatami da ruwa mai gudana. Mu fa?

Ku shiga makewayin masallacin unguwa bayan sallar Juma'a, ko na makarantar Islamiyya da rana tsaka. Ba zan ambaci sunan ko ɗaya ba, domin kowa ya san nasa, daga Nima da Mamobi har Aboabo da Sabon Zango. Butoci a jere, wata ba murfi, wata ta tsage a gindi, kuma duk a bushe. Ganga biyu a bakin ƙofa, an saye su biyu ne don in ɗaya ta ƙare a koma ɗaya, amma kowa yana tsoma moɗa a wadda ta fi cika don kada ya sunkuya, sai su ƙafe rana ɗaya, sa'a ɗaya. Wannan ita ce mas'alar Knuth ba ragi ba ƙari, ta zo mana cikin ganga. Famfo ya ɗauke, ba wanda ya san ranar dawowarsa. Dattijo mai ciwon ciki ya tura yaro sayo ruwan leda don ya yi tsarki, wani ya aika gida a kawo masa galan ɗin Kufuor. Yaran makaranta kuwa ba su da kuɗin ruwan leda, kuma ba na son in faɗi yadda suke fitowa su koma su dafa allo, su ci abinci da hannun nan. Ba mu manta da kwalarar da ta kwantar da dubban mutane a Ankara a 2014 ba, kuma unguwannin da ke da cunkoso da ƙarancin bayi su ne suka fi shan wuya. Wanda ke alfahari da tsarkin ruwa, alhali makewayinsa ba ruwa, ya fi mai takarda shiga haɗari, domin shi babu ruwan kuma babu takardar.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, wannan dabara ta abin da ke cika kansa ba baƙuwa ba ce a gidan Musulmi. 'Ya'yan Musa ibn Shakir su uku, a Bagadaza ta ƙarni na tara, sun rubuta Kitab al-Hiyal, kuma a cikinsa akwai tasoshin da ke mayar da ruwan da aka ɗiba daga gare su, da fitilar da ke ƙara wa kanta mai. Al-Jazari, wanda ya kammala littafinsa a 1206 yana hidimar sarakunan Artuk a Diyar Bakr, ya ƙera na'urorin zuba ruwan alwala da wanke hannu. Waɗannan mutane ba su ga ƙasƙanci a kashe basirarsu kan abin tsarki ba. A nan ƙasar ma, Veronica Bekoe, ma'aikaciyar kimiyya, ta ɗauki bokiti ta sa masa kan famfo a gindi don kada a riƙa tsoma hannu cikin ruwan kowa, ga shi a 2020 ya tsaya a ƙofar kowane masallaci da coci da banki. Albert Wright da abokan aikinsa a jami'ar kimiyya ta Kumasi sun fito da masai mai rami biyu da bututun iska, wanda ake kira KVIP, ana amfani da rami ɗaya a rufe ɗaya har na farko ya cika. Hukuncin akwatin tishu ne dai: ɗaya na aiki, ɗaya na jira.

Kada kuma samarinmu masu zumuɗi su ɗauka na goya musu baya su tara kuɗin masallaci a sayo akwatunan nan a manna a bango. Na ji ana wannan shawara, kuma ban yarda da ita ba. An ƙera akwatin ne don busasshen makewayi. A namu, inda ruwan buta ke fantsama ko'ina, takarda tana jiƙewa ta kumbura, naɗin da ya kumbura kuwa ba ya faɗowa ko sakata ta saki. Da yawa daga cikinsu ba sa karɓar kowane naɗi sai mai faɗi da bututun tsakiya daidai da awon kamfanin, wanda ya sayi akwatin ya ɗaure kansa ga takardarsu. Yana da ɗan makulli, kuma kun san abin da ke faruwa da makulli a wurinmu: yana aljihun wanda ya tafi kasuwa. Siririn bututun da ba a kora masa isasshen ruwa takarda tana toshe shi cikin kwanaki. Idan kuwa babu wanda aka ɗora wa alhakin zuba sabon naɗi, akwatin mai ɗaukar huɗu zai zauna fanko kamar yadda butocinmu suke, sai dai shi ya fi tsada.

Abin da nake kira a ɗauko shi ne sakatar. Masallacin da ke da halin sayen tanki ɗaya na Polytank ya yi haƙuri ya sayi matsakaita biyu. A haɗa ɗaya da famfunan makewayi, ɗayan a rufe bakinsa, kada a buɗe sai na farko ya ƙafe, kuma buɗe shi ya zama alamar cewa yau za a kira motar ruwa, ba gobe ba. A sa wa kowanne ƙwallon nan mai yawo a kan ruwa wanda ke rufe bututu in tanki ya cika, don duk daren da famfo ya dawo ya cika kansa ba sai ladan ya farka ba. Inda ganga ce, a ɗaure murfin ta biyu. A raba ruwan alwala da na makewayi, domin masu alwala sun fi yawa kuma su ke shanye na masu uzuri. Wanda ya so ya ajiye farar takarda a wuri busasshe don haɗawa da ruwa, ko don ranar da ruwan ya yanke, ya yi daidai da abin da ke cikin littafi, kuma ta fi jarida nesa ba kusa ba.

Sannan a biya mai kula da wurin. Muna tara kuɗin lasifika da darduma da fentin hasumiya cikin mako guda, amma in aka zo batun albashin wanda zai wanke makewayi ya duba ruwa sau uku a rana, sai a ce a bar wa almajirai su nemi lada. Ina roƙon sarakunan zango da limamai da kwamitocin masallatai, a zama na gaba da za a karanta lissafin kuɗin Juma'a, a sa wannan layi a cikin takardar, da sunan mutumin da adadin abin da za a ba shi a wata.