Wai Labarin 'Yan Sanda Ba Adabi Ba Ne?

Har yau akwai masu ɗaga hanci a cikinmu da ke cewa labarin kisan kai da binciken 'yan sanda ba adabi ba ne, abin rage dare ne kawai. To, mu leƙa ƙasar Holan da arewacin Beljiyam, inda ake rubutu da harshe guda. Can ma an sha yi wa marubutan irin waɗannan labarai kallon raini, har suka kafa ƙungiyarsu a 1986, Tomas Ross na cikin jagororinta, suka ƙirƙiro kyautar Gouden Strop, wato Igiyar Rataya ta Zinariya. Sunan kansa tsokana ne.

Wa ya fara cinye ta? Jef Geeraerts, da littafinsa De zaak Alzheimer. Mutumin nan kuwa tun 1969 gwamnatin Beljiyam ta ba shi babbar kyautarta ta ƙagaggen labari saboda Gangreen 1. Ashe alƙalaminsa dushewa ya yi ran da ya shigo da ɗan sanda cikin labari? Mu da muke shan ƙurar alli mun sani, yaron da ke gudun karatu da irin wannan littafin muke kamo shi. Masu ɗaga hancin su amsa mana tambayar Geeraerts tukuna.