MABUƊI YA ZAUNA HANNUN TALAKA

Ya ku 'yan'uwa Arawa, daga Dogondutsi har Tibiri, ku saurara.

Ba mu manta da abin da ya biyo bayan 26 ga Yuli 2023 ba. CEDEAO ta sa wa Nijar takunkumi, Nijeriya ta rufe iyaka, ta yanke wutar lantarki. Mai kai wake da bisashe kasuwannin jihar Kabi ya zauna gida, shinkafa ta yi tsada. Ran 24 ga Fabrairu 2024 aka ɗage takunkumin, amma bashin da talaka ya ci cikin watannin nan bakwai, ba wanda ya ɗage masa.

In wahala ta zo haka, sai a yi ta zancen rance da taimako. Ba mu ƙi ba. Tambayarmu ɗaya ce: wa ke riƙe da mabuɗi?

Mun san abin da ya sa muke tambaya. Bayan yunwar 1931 Turawan Faransa suka tilasta wa kakanninmu rumbun tsimi. Gero na manomi ne, amma ba a buɗe rumbu sai da izinin kumandan. Kuɗin ƙungiyar tanadi ta SIP kuwa, tare da lanho ake karɓarsu. Da aka sami mulkin kai aka kafa UNCC a 1962, da kyakkyawan nufi, amma daga Yamai ake juya ta. Bankin BDRN kuma ya rushe a 1990. Duk a cikinsu talaka bai taɓa riƙe mabuɗi ba.

To, ku dubi Mata Masu Dubara, waɗanda ƙungiyar CARE ta fara da su a jihar Maraɗi a 1991. Kowane mako mata sukan taru, kowacce ta zuba abin da ta iya. Akwati ɗaya, kwaɗo uku, mabuɗai hannun mata uku. Su ranta wa junansu jarin ƙuliƙuli ko na kiwon akuya, in shekara ta kewayo su raba uwa da riba. Rufe iyaka bai rufe wannan akwati ba, don kuɗinsa ba daga ƙetare suke zuwa ba.

Maza ma ga tasu hanya: jinginar hatsi, wadda FAO ta taimaka aka yaɗa a ƙasarmu. Maimakon manomi ya sayar da gero da araha da kaka, ya sake sayensa da tsada da damina, sai ya ajiye shi a sito mai kwaɗo biyu, ɗaya na ƙungiyar manoma, ɗaya na mai ba da rance. Ya karɓi kuɗi ya yi sana'ar rani, ya biya, ya ɗauki hatsinsa.

Saboda haka muna kira ga duk mai kawo taimako Matankari, Dankasari, Gesheme ko Kore Mairuwa: ya faɗi kuɗin ruwansa da Hausa a gaban jama'a, kada ya sa ranar biya cikin damina, ya bar lissafi hannun mutanen gari. Ku kuma malaman lakkwal, ku koya wa masu akwati rubutu da lissafi, don kada a cuce su.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma mu san hannun da za mu karɓa. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.