Ɗoɗɗoya, furen da ba ya buƙatar firigo

Duk wanda ya taso a karkara ya san ɗoɗɗoya, wadda Larabawa ke kira raihan, Faransawa kuma basilic. Ana sa ganyenta a miya, ana dafa ta da shayi, ana turara ɗaki da ita don korar sauro. To amma a Amurka da Turai akwai manoman da ke shuka ta saboda furenta kawai. Su yanko ta da dogon kara, su haɗa ta da wasu furanni a ɗauri guda, a sayar domin adon biki ko tebur. Wannan sana'a ta cancanci masu garka na gundumar Dawce, da ma yankin Matamaye baki ɗaya, su dube ta da idon basira.

Ba ɗoɗɗoyar bayan gida ake nufi ba, ko da yake dangi ɗaya ne. A jami'ar Connecticut ta Amurka aka fitar da irin da ake kira Dark Opal, mai ganye shunayya, wanda ya ci lambar yabon masu iri na ƙasar a 1962. A 1983 kuma aka samu African Blue a wani lambu na jihar Ohio, barbarar Dark Opal da wata ɗoɗɗoya mai ƙamshin kafur ta Afirka ta Gabas. Shi wannan ba ya yin ƴaƴa, sai dai a dasa reshensa, don haka ba ya gajiya da fure. Akwai kuma Cardinal, mai curin fure ja wur.

Abin da ya sa zancen ya shafi Dawce shi ne sanyi. Furen wardin da Kenya ke nomawa a bakin tafkin Naivasha, daga ranar da aka yanke shi har jirgi ya sauke shi a kai shi kasuwar Aalsmeer ta Holan, yana cikin ɗakin sanyi da motar sanyi. Idan wuta ta ɗauke na ƴan awoyi, dukiya ta salwanta. Wannan ciniki ya fi ƙarfin ƙauyen da ba shi da tabbacin lantarki. Ita kuwa ɗoɗɗoya halinta daban ne: da zarar sanyi ya yi ƙasa da digiri 10, ganyenta sai ya yi baƙi ya lalace. Wato firigo maƙiyinta ne. Abin da take so bai wuce bokitin ruwa mai tsabta da inuwa ba, kuma a haka takan yi kwana 7 zuwa 10 ba ta yi yaushi ba, har ma ta fitar da saiwa a cikin ruwan.

Nomanta ba baƙon aiki ba ne ga mutanen da suka saba da noman rani, tun ma kafin gwamnatin Saini Kunce ta ƙarfafa shi bayan farin 1984. Wanda ya iya renon tumatir da tattasai a fadamun Korama ya iya wannan. Irin yakan tsiro cikin kwana 5 zuwa 10. A dasa a fangali, a bar kamar taƙi ɗaya da rabi tsakanin gindi da gindi. In ta kai taƙi guda a tsawo sai a katse mata kai, domin ta yi rassa da yawa masu miƙewa. A lura da daren hunturu na Disamba da Janairu, lokacin da girmanta ke tsayawa. Ta fi son ɗumin da ke biyo baya, muddin rijiya ba ta ƙafe ba.

Wurin yanka ne ake yawan yin asara. Reshen da bai ƙosa ba, ko an sa shi a ruwa, kafin azahar ya sunkuyar da kai. Sai an jira kara ya yi tauri, furen ya fara buɗewa. A yanka da asuba kafin rana ta fito, a zage ganyen ƙasa, a tsoma a ruwa nan take a cikin garkar, ba sai an koma gida ba, sa'an nan a bar shi ya huta a inuwa kafin a ɗora a mota.

Saura babbar tambaya: wa zai saya? Gaskiya ɗaya ce, kyautar ɗanyen fure ba al'adar Bahaushe ba ce. Amarya turaren wuta da humra da lalle ta sani, kuma furen roba na Sin ya cika kasuwar Dole ta Damagaram, ba ya bushewa, ba ya neman ruwa. Amma duk ma'aikacin da ya taɓa zama a zauren taro ya ga irin wannan fure a kan teburin manyan baƙi, ƙura ta rufe shi, ba ƙamshi ko kaɗan. Nan ne ƙofar take. Otal-otal, masu ƙawata wurin biki, ofisoshi, bukukuwan jami'ar André Salifou, da ranar matan Nijar ta 13 ga Mayu, duk wurare ne da ake kashe kuɗi a kan ado. Ɗoɗɗoya kuwa tana da abin da roba ba ta da shi, ga shi hancin mutanen ƙasar ya riga ya saba da ƙamshinta.

Ɗan kasuwa zai ce Kano ta fi Damagaram masu saye, kuma hanyar Ɗan Barto zuwa Daura a buɗe take. Haka ne, sai dai a tuna Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Buhun wake yana iya jiran a buɗe ƙofa, bokitin fure ba ya iyawa. Dabara ita ce a fara da kasuwar gida, kuma kada manomi ya tuge rakensa ko albasarsa saboda fure. Fangali biyu ko uku a gefen garka sun isa gwaji, bayan an yi magana da mai saye an tsayar da rana da farashi.

Wanda zai ajiye iri ya nisanta ta da ɗoɗɗoyar gida, domin zuma na haɗa su barbara, baɗi a ga shunayya ta koma kore. Abin da bai shiga kasuwa ba kuma a shanya shi a inuwa, a sayar wa masu shayi da masu kayan miya, da sharaɗin ba a taɓa fesa masa maganin ƙwari ba.