TURANCIN JARUMAN LITTATTAFANMU: IN ZA A YI, A YI DAIDAI

Jama'a, yau da 'yan'uwana marubuta nake, kuma na san wasu za su ji haushi, to amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wani ciwo ya kama littattafanmu, tun muna buga su a takarda har zuwa yanzu da ake sakin su kashi-kashi a WhatsApp da Facebook, wato cusa Turanci a bakin jarumai, Turancin kuma gurgu.

Kun san irin jarumin da muke ƙerawa mu 'yan Kaduna. Ko dai likita ne da ya yi karatu a Ingila yana zaune a Unguwar Rimi, ko hafsan soja da ya fito daga NDA, ko attajirin Malali. Sai a kambama shi shafi goma, amma da ya buɗe baki sai ka ji ya ce wa budurwa zai zo "on 4 o'clock", ko za a ɗaura aure "in Saturday", ko yana son ta "since three years". Haba! Wane likitan Ingila ne wannan?

Abin takaicin shi ne, ƙa'idar ba ta da wuya, domin Hausarmu ma ta rarrabe. Bahaushe ba ya cewa "ranar ƙarfe biyu", ba ya cewa "da Talata". Yana cewa da ƙarfe biyu, ranar Talata, a watan Mayu. To haka Bature ya yi. Inda muke cewa da ƙarfe kaza, shi "at" yake sawa: at 2 o'clock. Inda muke cewa ranar kaza, shi "on": on Tuesday. Inda muke cewa a wata kaza ko a shekara kaza, shi "in": in May, in 2016.

Ku ɗauki tarihin da kowa ya sani. An kashe Sardauna Ahmadu Bello a gidansa da ke nan Kaduna ranar 15 ga Janairu, 1966. Idan shekarar kaɗai za ka faɗa, in 1966 ne. Idan ka haɗa da watan, in January 1966. Amma da zarar ranar ta shigo, sai ya koma on 15 January 1966. Haka ranar samun 'yancin kai: on 1 October 1960.

Akwai 'yan ramuka da ake faɗawa. Mu "da" muke sawa a da safe da da dare duka, shi kuwa Bature in the morning yake cewa, amma at night. In kuma safiyar wata rana ce takamaimai, ranar ce ke rinjaye: on Friday morning. Sannan gaban next, last, this da every ba a sa komai, next week ne kawai. Shi "since" tun ne, yana son mafarin lokaci, since 2020. Idan tsawon lokaci kake ƙirgawa, "for" ne, for three years.

Wani zai ce, ai labari ne kawai, mene ne na tayar da jijiyar wuya? To ku tsaya. Su wa ke karanta mu? 'Yan matan sakandare ne da samari a Kawo da Unguwar Dosa da Badarawa da Tudun Wada, waɗanda wasunsu sun fi daɗewa da littafinka a hannu fiye da littafin makaranta. Abin da yarinya ta gani a bakin jarumin da take mafarki, shi ke zama a kanta, shi kuma za ta zuba a takardar WAEC ko NECO. Ga shi ba a shiga jami'a sai da kiredit a Turanci, ita ma JAMB duk fannin da ka zaɓa sai ka rubuta Turanci. Malami na gini a aji, marubuci na rushewa a waya.

Kuma ba a jarrabawa abin ya tsaya ba. Idan takardar neman aiki ta ce a kawo "by Friday", ana nufin kada Juma'ar ta wuce ba ka kawo ba. Shi kuwa "until Friday" na nufin abu zai ci gaba har Juma'a. Jirgin ƙasan Abuja in ya tashi daga Rigasa a kan ƙa'ida, ya tashi on time. Kai da ka iso kafin ya tashi, ka iso in time. Kalma ce 'yar mitsitsiya, amma tana iya sa mutum asarar dama.

Wasu kuma cewa suke, ai haka mutanenmu ke magana. Na yarda, in ɗan tasha ka ƙera mai burga da Turancin tsince-tsince, sa masa kuskuren a baki, mai karatu ya yi dariya, wannan gwaninta ce. Amma in farfesa ne ya yi shi, mai karatu da ya sani ya gane ba farfesan ne ya kasa ba, kai ne.

Ba ni da digiri, sakandare na tsaya, don haka kada wani ya fake da ƙarancin boko. Abubakar Imam ya fi mu Turanci nesa ba kusa ba, ya yi Kwalejin Katsina, shi ne editan farko na Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, amma da Hausa tsantsa ya riƙe masu karatun Magana Jari Ce, har yau ana karanta shi.

Saboda haka zaɓi biyu ne. Ko ka bar jaruminka ya ce zai zo ranar Asabar da ƙarfe huɗu, wanda babu abin da ya rage masa na aji, ko ka kai rubutun wa malamin Turanci ya duba kafin ka saki. Wanda ya ƙi duka biyun, ya sani ba Hausa ya yi wa hidima ba, ba Turanci ba, kuma 'ya'yan mutane ne za su biya kuɗin gangancinsa.