Ijazar da Ba a Jarraba Ba

Akwai wani zance da ya zama ruwan dare a unguwannin Nima da Maamobi, har ana jin nauyin musanta shi a majalisar dattawa, wai duk yaron da Allah ya nufa ya fito daga jami'ar Legon da takardar digiri, to shirinsa na zaman duniya ya kammala, abin da ya saura kurum gwamnati ta kira shi ofis. Ni kam ban yarda ba, kuma hujjata a fili take.

Idan ɗalibi ya gama shekara guda ta bautar ƙasa, wadda aka kafa tun 1973, alawus ya yanke, ya koma ɗakin mahaifiyarsa yana shan ataya da tsararrakinsa har sallar isha'i, a nan ne haƙiƙa take bayyana. Da takarda tana wadatarwa, da gwamnatin Akufo-Addo ba ta buɗe shirin samar da aiki na NABCO a 2018 ba domin masu digiri dubu 100, a kan sidi 700 a wata, shirin da aka rufe a 2022.

Amma fa kada mu ɗora wa jami'a laifin duka, domin mafi yawansa namu ne. Kakanninmu da suka yi fataucin goro tsakanin Salaga da Kano, waɗanda da guminsu zango ya zama zango, ba su sakar wa yaro jari sai ya yi shekaru a hannun ubangida, ya san ciniki, ya san amana, ya ɗanɗana asara; haka nan malamin zaure ba ya ba da ijaza sai ya ji almajiri ya biya wa na ƙasa da shi karatu. Mu kuwa, da yaro ya shiga sakandare, sai mu haramta masa shago da keken ɗinki, mu ce ɗan boko ya fi ƙarfinsu, alhali da ribar shagon nan ake ciyar da shi a makarantar.

Ban ce a bar boko ba, Allah ya kiyaye. Jama'armu ta riga ta sha wuyar jinkirin da ta yi a kansa. Roƙona ga iyaye shi ne, idan yaro ya zo hutu, a tashe shi da asuba ranar Laraba, a ba shi littafin bashi da makullin shago, ya bi uwarsa kasuwar Nima.